Kwano Mai Jan Fenti

A bayan ƙofar kicin Amarya take cin abincinta, a tsugune, fuskarta na kallon bango kamar wadda ta sato shi. Kwanon da ke hannunta na silba ne, ya lotsa a gefe guda, an zagaye bakinsa da jan fenti. Haka kofinta, haka cokalinta, haka bokitin wankanta. Yayan mijinta ne ya shafa musu fentin da hannunsa bayan an binne ƙaninsa, sannan ya tara yaran gidan ya ce duk abin da suka gani da ja wuta ne, kada wanda ya taɓa. Amarya ake ce mata tun ranar da aka kawo ta gidan, har ta haihu, har mijin ya rasu. Sunan bai canza ba, yadda ake furta shi ne ya canza.

Ta kai loma bakinta ke nan ta ji ɗan tafin ƙafa a bayanta. Baba Ƙarami ne, ɗanta ɗaya tilo mai shekara huɗu, wanda ya ci sunan kakansa. Ya tsaya yana murza ido, gashin kansa ya taru cunkus.

"Umma, sam mini."

Wayyo duniya! Uwa ce da abinci a hannu, ɗanta na roƙonta, amma sai da ta waiga dama da hagu kamar ɓarauniya. Kafin ta ce uffan muryar surukarta ta taso daga baranda.

"Kai angona, zo nan. Me za ka ci a wurinta da babu a tukunyata? Ko ka sake ni ne ban sani ba?"

Da wasa Inna ta faɗa, amma da ƙarfi ta fizge hannun yaron. Ya tafi yana waige... Amarya ta ajiye kwanon, ta kifa kanta a gwiwa, hawaye na ɗiga cikin shinkafar da ba za ta ƙara iya haɗiya ba. "Ya Allah," ta ce a hankali, "Kai ne shaidata."

Ni da nake ba ku labarin nan ban taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya, amma babu abin da ido ke gani wanda nawa bai gani ba. Gadon asibiti ya san bayana, ya riƙe ni ya gaji ya sake ni. To duk da haka ban taɓa ganin zalunci mai sanyi irin wanda aka yi wa yarinyar nan ba.

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai fara'a, ba ya dawowa daga tafiya hannu sake. Ciwon ya zo masa a hankali: gajiya, rashin cin abinci, sai ido ya yi ruwan ɗorawa, sai ciki ya kumbura. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwon hanta ne, nau'in da ake kira B, kuma ya daɗe a jikinsa yana cin sa shiru. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai tabarau da kowa ke kira Sista, ta ja Amarya gefe ta ɗebi jininta da na yaron. Allah Ya kiyaye, babu komai a jikinsu. Yaron dama an yi masa rigakafi tun yana jariri, ita kuma aka fara yi mata nan take, aka ce ta dawo sau biyu don allurar ta cika. Sista ta ce mata ciwon ba ya bin kwano ko kofi ko runguma. Jini yake bi, da kwanciyar aure, da haihuwa, da abin da ke yanka fata kamar reza da aska. Ta kuma roƙe ta ta turo duk mutanen gidan a gwada su.

Amarya ta isar da saƙon cikin ladabi, a durƙushe. A nan ne ta taka wutsiyar Yaya.

Yaya mai aski ne, shagonsa na bakin titi, da manyan madubai biyu da kujera mai juyawa da benci da ba ya rabuwa da 'yan hira. Ga baƙi sabuwar reza yake ɓarewa a gabansu. Amma jinin gidan, su ba a yi musu aski da rezar kanti. Akwai askar mahaifinsu mai ƙotar ƙaho, wadda ake naɗewa cikin farin ƙyalle, ita ce girman gidan. Da ita tsohon ya yi musu aski suna yara, da ita Yaya yake yi wa kansa da 'ya'yansa maza, da ita ya gyara wa ƙaninsa Direba fuska har a kan gadon jinya. In ta ɗan tsarge fata sai a goge jinin da yatsa a ci gaba. To da Amarya ta ambaci aska, sai ya ji kamar kabarin ubansa ta taka.

"Askar Baba ce ke da ciwo?" ya ce. "To ke da lafiyarki, me kike zuwa yi asibiti ana tsira miki allura? Mai lafiya yana karɓar allura ne?"

"Rigakafi ne, Yaya. Don ba ni da shi ne ake yi mini."

"Ji mini yarinya. Ni za ki juya wa magana? An taɓa ɗaure ƙafar da ba ta karye ba? Uwarki da ta mutu kina ƙarama, wa ya san abin da ya kashe ta? Daga gidanku kika kwaso shi kika zo kika zuba wa ƙanina."

Marainiya ce, ba uwa ba uba, ba wani namiji da zai tsaya mata. Da Direba ya cika, maganar Yaya ta zama gaskiyar gidan. Aka ɗauke yaron daga ɗakinta aka kai ɗakin Inna. Aka ce sai kowa ya gama ɗiban ruwa a famfo sannan ta ɗiba. Anti, matar Yaya, wadda da suke tsefe wa juna kai, ta koma in sun yi kiciɓis a soro sai ta toshe hanci da gefen mayafi. Abin bai tsaya nan ba. Amarya guga take yi, da ita take sayen sabulu da takalmin yaro. Yaya ya zauna a shago yana yi wa mutane aski yana ba su labari, har ya koya wa unguwa duka cewa ciwon yana bin zufa da numfashi da tufafi. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa aiko yara su karɓe kayan guga, wasu ko a goge ba su jira ba. Dutsen gugarta ya yi sanyi a lungu.

Duk wannan ta shanye. Abu ɗaya ne ba ta iya shanyewa: gashin Baba Ƙarami. Tun mijinta na da rai take ta dabarar kauce wa askar nan, yau ta ce yaro na mura, gobe ta rage masa da almakashi. An yi masa rigakafi, ta sani, amma wace uwa ce za ta miƙa kan ɗanta ga ƙarfen da ta ga jinin mijinta a kai? Yanzu kuwa yaron ba ya hannunta.

Wata safiya tana shanya a bayan gida ta ji kukansa. Ta leƙo... sai ga Yaya zaune a tsakar gida a kan kujera, ya matse yaron tsakanin gwiwoyinsa, ya shafe masa kai da kumfa, farin ƙyallen nan a shimfiɗe a cinyarsa. Ya gama gyara gemunsa ke nan, ga ɗan jini a haɓarsa, ga askar a hannu.

"Yaya, don girman Allah," ta ce, ta zube a gabansa. "Ka sa sabuwar reza. Ni zan saya, ko zanina zan sayar."

"Matsa daga nan kada ki shafa masa. Ɗan ƙanina ne, jinin Baba ne, ba ɗan kanti ba."

"Inna, ki sa baki..."

Inna ta kawar da kai. Yaya ya dafa kan yaron ya ɗaga hannu. Ita kanta Amarya ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ji kawai aka yi yaron ya ƙwalla ƙara, sai ga ta ta damƙe askar ta wajen kaifin da tafin hannunta. Jini ya ɓalle, ya bi ƙotar ƙahon, ya sauka a kan farin ƙyalle.

Yaya ya saki askar kamar ya taɓa garwashi, ya ja da baya yana duba yatsunsa.

"Kin kashe ta," ya ce. "Kin zuba ƙazamin jininki a askar ubana. Wa zai ƙara ɗora ta a kansa?"

Da tsinken shara ya tura askar cikin leda, ya ɗaure, ya jefa can saman kabad. Ku duba ikon Allah! Abin da roƙo da durƙuso bai yi ba, tsoron jininta ya yi. Tun daga ranar askar ba ta ƙara hawa kan kowa ba. Amma kafin rana ta take, kayan Amarya suna waje: akwati ɗaya, dutsen guga, da kwano mai jan fenti da aka wurgo mata a kai. Yaron na ɗakin Inna a kulle yana dukan ƙofa yana kiran Umma, Umma. Ta tsaya a bakin ƙofar gida, hannunta naɗe da ɗankwali ya jiƙe jagab, ta ce, "Na bar ku da Allah. Ku dai riƙe mini shi da amana."

Sista ce ta ɗinke hannun. Tana ɗinki tana tsaki, tana share tabarau.

"'Yata, wannan hannu ba zai ƙara dunƙulewa kamar da ba. Me ya kai ki?"

"Kan ɗana ne ko hannuna, Sista."

Dattijuwar ta gama ɗinkin ta naɗe hannun. Ta samo mata aiki a wani shagon wanki da guga kusa da asibitin, inda mai shagon ya bar ta tana kwana tsakanin buhunan kaya. Da yatsu uku take riƙe dutsen guga, tana yi tana cije leɓe. In an tashi makarantar yara sai ta je ta laɓe bayan wata motar da ta mutu a gefen hanya, ta hango ɗanta ana jan sa zuwa gida, wandonsa a karkace, babu mai gyara masa. Sau ɗaya ya hango ta ya fizge zai rugo, ta girgiza masa kai tana murmushi, hawaye na shiga bakinta, don ta san in ya zo shi za a daka. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Kullum addu'arta ɗaya ce: Allah Ya bayyana gaskiya tun tana da ido.

Watanni suka shuɗe. Wata rana ta kai wa Sista kayanta da aka goge, sai ta tarar da wata mace mai tsohon ciki a kan bencin masu awo, ta rufe fuska tana kuka kamar ranta zai fita. Anti ce. An gwada jininta kamar yadda ake yi wa masu ciki, an samu ciwon. Tana ɗaga ido ta ga Amarya sai ta nuna ta da yatsa.

"Ga ta nan, Sista. Ita ce. Shekaru muna ci a kwano ɗaya kafin a gane."

"Ko shekara ɗari kuka yi kuna ci a kwano ɗaya, ba ta nan yake bi ba," in ji Sista. "Sirrin jinin wani kuwa ba na faɗa sai da izininsa."

"Na ba ki izini," Amarya ta ce. "Ki ma sake ɗiba a gabansu duka, in za su zo."

Tsoron abin da ke cikinta ya sa Anti ta tayar da gidan. Inna ta ce ko a ɗauke ta ne sai an je. Yaya ya zo yana taƙama, ya ce ya zo ne a kunyata maƙaryaciya a gaban likita, har yana naɗe hannun riga tun ba a kira shi ba. Aka ɗebi jinin kowa. Ranar da aka ce su koma, likita ya fara ganinsu ɗaya-ɗaya, sannan da yardarsu ya tara su a ofishinsa. Amarya ba ta da shi, ba ta taɓa yin sa ba, rigakafinta ya kama. Baba Ƙarami lafiya ƙalau. Inna tana da shi. Babban ɗan Yaya yana da shi, ƙaramin ya tsira, a fara masa allura yau. Shi kuwa Yaya, ba samunsa kaɗai aka yi ba, hantar ta fara taɓuwa, sai an ɗora shi a kan magani ba tare da ɓata lokaci ba.

Inna ce ta fara magana, idonta a ƙasa.

"Likita, mahaifinsu ma haka ya tafi. Ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Muka ce jifa aka yi masa..." Sai ta rushe da kuka. "Ranar da na ga ɗana a kwance na gane irin ciwon ne. Na gane, amma na yi shiru, don ya fi mini sauƙi a ce daga waje ya shigo. Ni ce na ba su a ciki? Ko askar ce?"

"Babu mai iya cewa, Inna," likita ya ce. "Yana iya zama wajen haihuwa, yana iya zama askar. Ba laifin kowa ba ne, ba kuma hukuncin kisa ba ne. Mutane da yawa suna tsufa da shi in ana duba su. Abin da na sani, ba daga wannan baiwar Allah ya fito ba."

Tsohuwa ta sulalo daga kujera za ta kama ƙafar Amarya. Amarya ta riga ta kaiwa ƙasa, ta rungume ta. "Haba Inna, ki rufa mini asiri. Uwa ba ta durƙusa wa 'ya." Suka haɗa kai suna kuka, yaron ya kutsa tsakaninsu ya kama wuyan uwarsa, bai sake ba har gida.

Magana ba ta kwana a unguwa. Kafin mako ya zagayo kowa ya ji mai aski ne ke da ciwon. Kuma wa ya koya musu cewa yana bin zufa da numfashi? Shi! Bencin hira ya bushe. Kujera mai juyawa ta yi ƙura. Ya tsaya a ƙofar shago yana ɗaga sabuwar reza yana rantsuwa cewa likita ya ce ba haka ba ne, mutane na tsallake titi suna cewa, "Ai kai ka faɗa mana da bakinka." Abokan da suka fi kowa dariya da labarin Amarya su suka fara ƙin ba shi hannu. Ya rufe shagon ya koma ɗaki. A gidan ma, 'yar aikinsu da yaran maƙwabta da suka saba shiga, duk wanda zai miƙa masa abinci sai ya ajiye a bakin ƙofa ya tura da ƙafa. Mutumin da muryarsa ke girgiza gida ya koma ba a jin ko tarinsa.

Anti ta haihu lafiya, mace. Amarya ce ta karɓi jaririyar da wannan hannun mai tabo, ta tsaya a kan Sista har aka yi wa jaririyar allurar rigakafi a ranar, kafin ma a yi mata wanka na biyu. Anti na kwance tana kallonta, ta kasa cewa komai sai "Ki yafe ni... ki yafe ni."

Da aka dawo gida, Amarya ta shiga kicin ta dafa abinci. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko kwanon nan mai jan fenti, ta wanke, ta cika shi, ta sa cokali biyu. Ta kama hannun ɗanta suka nufi ɗakin Yaya. Yana zaune a gefen katifa, gemu ya cika masa fuska, rigar ta yi masa yawa. Da ya ga kwanon sai ya sunkuyar da kai.

"Na cancanta," ya ce. "Ajiye a nan ki tafi. Kwanona ne yanzu."

"Ba naka kaɗai ba ne, Yaya." Ta dubi yaron. "Je ka ci da Baffanka."

"Amarya, kada... zan shafa masa."

"Ba ya bin kwano. Na faɗa maka tun ina durƙushe a gabanka."

Baba Ƙarami ya haye katifar, ya ɗauki cokali ya cika baki, sannan ya ɗebo wani ya kai bakin Baffansa. "Ci mana, Baffa. Umma ta ce in ba ka ci ba maganin ba zai yi aiki ba. Kuma gemunka ya yi muni."

Ƙaton mutum ya buɗe baki kamar jariri, hawaye na bin gemu suna sauka cikin kwanon. Idonsa na kan tafin hannunta, inda askar ubansa ta bar layi fari daga gefe zuwa gefe. Ya so ya nemi gafara, kukan bai bar shi ba. Ita ma ba ta jira ba. Ta ja musu ƙofa ta koma wurin mai jego.

Yau in ka shiga gidan za ka tarar Amarya ce ke riƙe da makullin kicin, ita ke tuna wa kowa ranar komawa asibiti, layin masu kawo guga kuwa har waje. Yaya yana shan maganinsa, ya sake buɗe shago, sai dai rabin mutanensa ba su dawo ba, muryar nan ma ba ta dawo ba. Ni da ciwon nan muke tare tun gashina na baƙi, ga ni garau, na yi jikoki, kowanne da allurarsa, don haka in na faɗi magana a kansa a riƙe ta. Na ci abinci a gidan, a cikin wannan kwano. Inna ta sha cewa a kankare fentin, Amarya ta ce a bar shi. Shi ne kwanon da ake zuba wa babban baƙo.